Daga Aji Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Rufe Makarantu da Karatu Daga Nesa a Adjamé da Treichville

Sau biyu a tarihinta gwamnatin Kodebuwa ta ɗora wa talabijin aikin malamin makaranta. Karo na farko ya fara a 1971 ya ƙare a 1982, lokacin da aka kafa akwatuna a azuzuwan firamare ana watso darasi daga garin Buwake. Karo na biyu ya zo a watan Afrilun 2020, makonni kaɗan bayan annobar korona ta sa an kulle makarantu. Tsakanin waɗannan biyun makarantun birnin Abijan sun sha rufewa saboda yajin aiki da bore da yaƙi, musamman a 1990 da 2011, sannan daga ƙarshen 2002 suka cika suka batse da yaran da yaƙi ya koro daga arewa. Adjamé da Treichville, tsofaffin unguwannin baƙar fata na birnin, nan ne aka fi ganin yadda kowane rufewa ya raba yara, domin a nan ɗan ma'aikacin gwamnati da ɗan mai dako da ɗan baƙo suke zama a layi ɗaya, wani lokacin ma a gida ɗaya.

Asalin unguwannin biyu ƙauyuka ne na ƙabilar Ebriye, masu gaɓar tafkin da birnin ya girma a bakinsa. Faransawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan a 1904, suka mayar da garin hedikwatar mulkinsu a 1934 a madadin Bingerville, suka keɓe wa kansu tudun Plateau. Ta arewa barikokin soja suka shiga tsakaninsu da Adjamé. Ta kudu ruwa ya raba su da Anoumabo, wadda a wannan shekarar aka sauya wa suna zuwa Treichville don tunawa da Bafaranshe Marcel Treich-Laplène. Leburorin jirgin ƙasa, magina, kuku-kuku da 'yan kasuwa duk a waɗannan unguwanni suka sauka. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta biyo baya a 1951, layin dogo kuma ya isa Wagadugu a 1954, sai mutanen arewa suka yi ta kwararowa: Jula, Mosi, Fulani, Zabarmawa da Hausawa. Fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958, Moi, un noir, a Treichville aka ɗauke shi, kuma 'yan ci-ranin Nijar ne suka fito a ciki, har da Oumarou Ganda wanda daga baya ya zama mashahurin mai shirya fim. Hausawan Adar da Maraɗi da na Nijeriya sun kama tireda, nama, goro, yadi da gadi. Abincin da ya fi kowane karɓuwa a titunan Abijan, aceken rogo da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, kuma daga 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo wannan suna. Ƙidayar 2014 ta ba Adjamé mutum kusan 373,000, Treichville kuma 102,000 da ɗoriya, ban da ɗimbin jama'ar da ke shigowa kasuwa da tasha da rana su watse da dare.

Ginin da ya mamaye unguwannin biyu shi ne gidan haya na taro, wanda a can ake kira cour commune. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu ga kowa. Iyali guda kan riƙe ɗaki ɗaya, mai ɗan hali ya riƙe ciki da falo. A tsakar gidan ake girki da wanki da shanya da hira da faɗa. Duk lokacin da wata sanarwar gwamnati ta ce yara su zauna gida su yi karatu, a Adjamé da Treichville wannan ne gidan da ake nufi.

Makarantar boko ta zamanin Turawa ba ta kai ga kowa ba, kuma ba don kowa aka yi ta ba. Ta farko a ƙasar an buɗe ta a Elima a 1887, kuma har bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin da ake buƙata daga gare ta shi ne akawu da tafinta da ƙananan malamai. A 1946, shekarar da aka kafa jam'iyyar PDCI a Treichville, Félix Houphouët-Boigny, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya tura yara kimanin 150 Faransa su yi sakandare, saboda babu isassun makarantu a gida. Baƙi Musulmi kuwa da yawansu ba su saki jiki da makarantar boko ba. Makarantar allo suke kai yaro, ko a zauren malam ko a barandar masallaci, ko kuma idan ya tasa a mayar da shi gida Tawa ko Katsina ya yi karatu wurin dangi. Wannan ya haifar da hanyoyin karatu biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya gwamnati na ƙirga ta, ɗaya ba ta cikin lissafinta. Duk wani taimako da aka tsara daga baya, hanyar farko ya bi.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnatin Houphouët ta zuba kuɗi a ilimi fiye da yawancin maƙwabtanta, har ya riƙa cin sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanarwar gwamnati. Duk da haka malamai ƙwararru ba su isa ba, yara suna maimaita aji har su gaji su bari, kuma tazarar da ke tsakanin makarantar birni da ta ƙauye tana ƙara faɗi. Maganin da aka samo daga Nijar ya fito. Tun 1964 aka fara gwajin talabijin na makaranta a Yamai da kewayenta, inda matasa masu ƙaramar shahada suke riƙe aji, akwati yana ba da darasi. Gwajin Nijar ƙarami ne, na makarantu 'yan kaɗan. Kodebuwa ta ɗauki dabarar ta ce za ta shimfiɗa ta a kan ƙasa baki ɗaya. Da taimakon UNESCO da Faransa da Kanada da Bankin Duniya aka gina cibiyar shirya darussa a Buwake, aka fara watsawa a 1971 ga azuzuwa 447 da yara kimanin 20,000. Kowace shekara ana ƙara aji ɗaya sama. Kafin 1980 yaran da ke karatu ta wannan hanya sun haura rabin miliyan, wato mafi yawan 'yan firamaren gwamnati. Abin ya kai har an yi minista na musamman mai kula da ilimin firamare da na talabijin, Pascal Dikébié N'Guessan.

Yadda ajin yake aiki shi ne abin lura. Akwati ne mai hoto baƙi da fari, an ɗora shi sama a gaban aji inda kowa zai gani. Inda babu lantarki da manyan batura ake kunna shi, kuma akwai kamfanin da aka ba kwangilar zagayawa yana gyara. Lokacin darasi ya yi, malam ya kunna, yara su yi tsit na 'yan mintoci suna kallon Faransanci ko lissafi ana nuna shi da hoto da wasan kwaikwayo. Sai a kashe, malam ya buɗe takardar jagora da aka bugo daga Buwake, ya bi da yaran ta kan abin da suka gani, da tambaya da maimaici da aikin rubutu. Ba a bar yaro shi kaɗai da akwati ba. Akwatin na gwamnati ne, wutar ta gwamnati ce, takardun na gwamnati ne, malamin ma haka. Yaron da ubansa ke dako a tashar jirgin ruwa da yaron da ubansa ke ofis a Plateau, muddin aji ɗaya suke, darasi ɗaya suke gani a sa'a ɗaya. Daga 1973 aka ƙara da shirin manya mai suna Télé pour tous, ana tara mutane a makaranta da yamma su kalli bayani kan ruwan sha da lafiya da noma.

Shirin bai yi ƙarko ba, kuma dalilan faɗuwarsa sun fi ɗaya. Da rukunin farko suka shiga sakandare a 1977, malaman sakandare da ƙungiyarsu SYNESCI suka ɗaga murya cewa yaran talabijin bakinsu ya buɗe da Faransanci amma hannunsu bai iya rubutu ba, kuma sun cika surutu da tambaya. Iyaye suka bi sahu. An yi ta zargin manya da cewa sun kai nasu 'ya'yan makarantun kuɗi inda babu akwati, sun bar na talakawa da gwaji. Kuɗin gyara da na batura da albashin ƙwararrun Turawa ya yi nauyi, daidai lokacin da farashin koko da kofi ya karye bayan 1978 ƙasar ta shiga matsin da mutanenta ke kira conjoncture. A 1982 aka kashe akwatunan. Hukuncin da aka yanke wa shirin ya fi laifinsa tsanani, domin an tattara duk gazawar makarantar firamare an jibga masa, har da cunkoson aji da ƙarancin gurbi a sakandare waɗanda ba shi ya kawo su ba. Kusan shekara 40 bayan nan babu gwamnatin da ta sake kusantar wannan hanya.

Shekarun matsi sun mayar da nauyin karatu kan iyaye kaɗan-kaɗan. A farkon 1990 ɗalibai suka yi bore, ma'aikata suka ƙi yarda da rage albashi, aka rufe makarantu a watan Maris. Da aka buɗe aka kashe wani ɗalibi a Adzopé a farkon Afrilu, sai gwamnati ta sake rufewa ta ce shekarar karatu ta tashi a banza, abin da ake kira année blanche. A cikin wannan watan aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta FESCI, aka kuma amince da jam'iyyu da yawa. Babu wani shirin karatu daga gida da aka yi wa yara a lokacin. Wanda ke da hali ya ɗauko malamin gida, wanda ake kira répétiteur, yana biyansa duk wata. Wanda ba shi da hali ya tura yaro kasuwa ko gareji ko wurin tela, kuma ba duka suka dawo ba. Daga 1991 sababbin malaman gwamnati suka koma karɓar kusan rabin albashin tsofaffi, tsarin da sai a 2001 aka soke shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da takarda suka yi tsada. A 1995 aka kafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda suka riƙa yanka wa iyaye kuɗin benci da alli da mai gadi. A sakandare kuma, da yake gurbin gwamnati bai isa ba, sai ta riƙa tura yara makarantun kuɗi tana biya musu sefa 120,000 a shekara a matakin farko, 140,000 a mataki na biyu, sauran ƙananan kuɗaɗe kuma uba ya cika. Adjamé ta cika da irin waɗannan kwalejoji, wasu a saman shaguna.

Tawayen 19 ga Satumba, 2002 ya raba ƙasar biyu. A Abijan an kai hari barikin jandarma na Agban da ke gefen Adjamé, kuma kwanaki kaɗan bayan haka aka ƙone unguwannin talakawa da ke kewaye da shi, inda baƙi suka fi yawa, da sunan farautar 'yan tawaye. A arewa malaman gwamnati suka gudu, makarantu suka mutu, UNICEF ta ƙiyasta yara kimanin 700,000 ba sa zuwa aji. A can iyaye da wata ƙungiya mai suna École pour tous suka farfaɗo da karatu da malaman sa kai. A kudu gwamnati ta buɗe abin da ta kira écoles relais a watan Janairun 2003, wato zubi na biyu na shiga makaranta domin yaran da suka yi gudun hijira, suna amfani da azuzuwan da ake da su bayan na safe sun tashi. Dabara ce mai kyau, amma takarda take tambaya. Yaron da ya tsere daga Buwake da rigar jikinsa ba shi da takardar haihuwa, ba shi da katin sakamako. Matsalar takardar haihuwa dama tsohuwa ce a gidajen baƙi. Yaro na iya zama a aji shekara shida, ranar rajistar jarrabawar kammala firamare ta CEPE a ce sai ya kawo ta, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, wanda kuɗi ne da jeka-ka-dawo. Dokar zama ɗan ƙasa, tun gyaran 1972, ba ta ba wanda aka haifa a ƙasar iyayensa baƙi zama ɗan ƙasa, kuma daga farkon shekarun 1990 har 2007 baƙi daga ƙasashen yankin sai da katin zama. Uban da ke gudun shingen 'yan sanda bai cika son zuwa ofishin magajin gari ba.

Rikicin bayan zaɓen Nuwamban 2010 shi ya kawo yaƙin cikin birnin kansa. Mutum kimanin 3,000 suka mutu, bankuna suka rufe a watan Fabrairu, yara wajen 800,000 suka zauna gida. An kama tsohon shugaban ƙasa Laurent Gbagbo ranar 11 ga Afrilu, 2011, aka kira yara su koma aji ranar 26 ga watan, aka ja shekarar karatu aka ɗage manyan jarrabawa zuwa wajen Satumba. Jami'o'in Abijan kuwa, har da ta Abobo-Adjamé wadda aka mayar Nangui Abrogoua, sai a Satumban 2012 suka buɗe. A wannan karon ma agajin da aka yi na komawa makaranta ne, jaka da littafi da gyaran aji. Watannin zaman gida babu wanda ya cike su.

Bayan yaƙi an yi abubuwa biyu da suka shafi unguwannin nan kai tsaye. A Satumban 2015 aka yi dokar tilasta karatu ga duk yaro daga shekara 6 zuwa 16. Sannan gwamnati ta fara waiwayar makarantun Musulunci, waɗanda ta kasa kashi huɗu: na allo, madarasa mai koyarwa da Larabci, mai haɗa Larabci da Faransanci, da mai bin manhajar gwamnati cikakkiya tare da addini. Daga 2011 aka fara tantance wasu ana amincewa da su, a 2019 aka fito da tsarin ƙasa na shigo da yaransu cikin karatun hukuma. Na kashi na huɗu ne suka fi cin moriya. Makarantar allo ta barandar masallaci, inda yawancin 'ya'yan sababbin zuwa suke, tana nan inda take. An kuma yi wani gangami tsakanin 2017 da 2019 wanda ya sama wa ɗaruruwan dubban 'yan firamare takardar haihuwa.

A haka annoba ta iske su. Ranar 11 ga Maris, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasar, ɗan ƙasa da ya dawo daga Italiya, aka kwantar da shi a asibitin koyarwa na Treichville. Ranar 16 ga wata Majalisar Tsaron Ƙasa ta rufe makarantu daga na renon yara har jami'a na kwana 30, ta hana taron da ya wuce mutum 50. Shugabannin Musulmi suka rufe masallatai. Ranar 22 aka rufe iyakoki, washegari aka sa dokar ta-ɓaci da dokar hana fita daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba, a ƙarshen wata aka katse Abijan daga sauran ƙasar. Ga mazauna Adjamé wannan ya fi rufe makaranta zafi, domin unguwar da tasha take ci. Motocin Buwake da Korhogo da Yamai suka tsaya, masu dako da masu abinci da masu tireda na bakin tasha suka rasa ciniki. Mai tsire da ke kasa nama da magariba ya tashi tsakar dare, dokar hana fita ta cinye masa kasuwa. 'Yan ci-ranin da suka saba komawa gida kafin damina suka maƙale, kuma iyakokin ƙasa ba a sake buɗe su a hukumance ba sai 15 ga Fabrairu, 2023.

A watan Afrilu ministar ilimi Kandia Camara ta ƙaddamar da shirin Mon école à la maison, wato makarantata a gida, da tallafin UNICEF. Gajerun darussa ne da aka naɗa ana sakawa a tashoshin talabijin na gwamnati, RTI, da rediyo da kuma wani shafin intanet. An fara da azuzuwan jarrabawa uku: CM2, ajin ƙarshe na firamare, troisième, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare mai zana BEPC, da terminale, ajin ƙarshe na babbar sakandare mai zana BAC. An yi shi da sauri, kuma malaman da suka tsaya gaban kyamara sun yi ƙoƙari. Amma abin da ya bambanta shi da na 1971 a fili yake. Wancan karon gwamnati ta kawo akwati da wuta da takarda da malami. Wannan karon darasi kawai ta kawo, sauran huɗun ta bar wa gida.

A Adjamé da Treichville akwatin kansa bai cika zama matsala ba, domin da wuya a sami gidan taro da babu talabijin a wasu ɗakunansa. Abin da ke kewaye da akwatin ne matsalar. A ɗaki mai mutum bakwai akwati ɗaya ne, kuma yanzu kowa na gida, uba yana son labarai, ƙanne suna son nasu. Babu tebur, sai yaro ya ɗora littafi a cinya ko a kan tabarma. A waje ana daka, rediyon maƙwabci na tashi, jariri na kuka. Mitar wuta mai kati ce a gidaje da yawa, idan kuɗinta ya ƙare sai an sami na sayen wani. Darasin yana wucewa sau ɗaya da Faransancin makaranta, ba ya tsayawa don wanda bai gane ba, kuma babu wanda zai kashe akwati ya buɗe takardar jagora. Uwar da ke jin Hausa da Julanci da Faransancin kasuwa tana iya tsawata wa yaro ya zauna, amma ba ta iya duba masa lissafin da ya yi. Mai son ya sake kallon darasin sai ya shiga intanet, babbar wayar kuwa ɗaya ce a gidan, ta uba ce, da ita yake fita nema, kuma data kuɗin cefane take ci. Wani abin ban takaici shi ne a lokacin Adjamé ce ke da babbar kasuwar wayoyi ta birnin, wadda ake kira Black Market. Yara mata kuma, da yake suna gida, aikin gida da talla suka hau kansu. A unguwannin masu hali irin su Cocody kuwa, makarantun kuɗi masu tsada sun koma aji ta kwamfuta da rukunin WhatsApp, malamin gida yana zuwa da takunkumi a fuska.

Akwai kuma waɗanda shirin bai ma san da su ba. Ɗan makarantar allo ba shi da aji a RTI. Malaminsa da kuɗin Laraba da sadakar masallata yake rayuwa, ga masallaci a kulle, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu babu tafsiri babu asham a jam'i. A cikin wannan azumin, ranar 17 ga Mayu, cutar ta ɗauke shugaban majalisar limamai ta COSIM, Shaihu Boikary Fofana. Malaman ƙananan kwalejojin kuɗi, waɗanda da yawansu da sa'a ake biyansu, su ma albashinsu ya tsaya da tsayawar kuɗin makaranta, kuma su ne aka sa ran za su riƙa bin ɗalibai ta waya.

Taimakon da ya fi taɓa karatun yara bai fito daga ma'aikatar ilimi ba. Ranar 31 ga Maris Firaminista Amadou Gon Coulibaly ya sanar da shirin tallafi na sefa biliyan 1,700. A ciki akwai asusun jin ƙai na biliyan 170 da asusun masu ƙananan sana'o'i na biliyan 100. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga gidaje kimanin miliyan ɗaya masu rajistar farashin talakawa. Ma'aikatar jin ƙai, wadda Mariatou Koné ke riƙe da ita, ta tura wa magidanta kimanin 177,000 a Abijan da kewaye sefa 25,000 a wata har wata uku, wato jika 25 a lissafin 'yan kasuwa, ta wayar hannu. Kuɗin sun riƙe tukunya a gidajen da suka same su. Sai dai kowane tallafi yana da ƙofarsa. Rangwamen wuta mai mita da sunansa yake bi, alhali a gidan taro sau da yawa mita ɗaya ce da sunan mai gida, 'yan haya suna karo-karo, wutar da suke sha a haɗe kuma ta wuce ta farashin talakawa. Kuɗin waya kuma sai wanda sunansa ya shiga jeri yana da layin da aka yi wa rajista da katin shaida. A birnin da ya haura mutum miliyan huɗu, magidanta 177,000 kaɗan ne daga mabuƙata.

An buɗe makarantun cikin ƙasa ranar 18 ga Mayu, na Abijan ranar 25, ana gama sallar azumi, da bokitin wanke hannu a bakin ƙofa da takunkumi, wasu azuzuwan an raba su safe da yamma. Zaman gidan ya kai mako goma. An soke rubutacciyar jarrabawar CEPE ta wannan shekara aka yi amfani da makin aji, sai sama da kashi 95 cikin ɗari suka ci. BEPC da BAC an zana su a watan Yuli, kashi 53 suka ci ta farko, kashi 40 suka ci ta biyu. A watan Disamba Shugaba Alassane Ouattara ya sanar da soke kuɗaɗen COGES da ake karɓa daga iyaye, gwamnati da ƙananan hukumomi suka ɗauki nauyin, ko da yake shugabannin makarantu sun yi ta kukan jinkirin zuwan kuɗin. Wannan ya rage wa uba mai 'ya'ya biyar nauyin da ya fi na data. A wannan watan ne kuma aka fitar da sakamakon gwajin PASEC da aka yi a 2019, kafin annoba, wanda ya nuna cewa cikin masu gama firamare a ƙasar kashi 40 ne kawai suka kai matakin da ake so a karatu, a lissafi kuma kashi 17. Ke nan yawancin yaran da aka ce su bi darasi su kaɗai a gaban akwati ba su riga sun iya karatun da zai ba su damar yin hakan ba.

A watan Afrilun 2021 Mariatou Koné ta koma ma'aikatar ilimi, ta tsananta yaƙi da satar amsa, ta kuma buɗe babban taron ƙasa kan ilimi a watan Yuli. A wannan shekarar aka dawo da rubutacciyar jarrabawar CEPE, kuma kashi 52 da ɗoriya ne suka ci. Tsananta sa ido yana da hannu a wannan faɗuwa, haka ma bambancin makin aji da na zauren jarrabawa. Yaran da suka zana ta dai su ne waɗanda suke ajin CM1, na kusa da na ƙarshe a firamare, a watan Afrilun 2020, ajin da ba ya cikin ukun da aka fara watsa wa darasi.